Tsakanin Matameye da Kano: Wa Zai Amsa wa Mai Shakka?

Motar da ta taso daga Damagaram za ta Kano ta hanyar Daura, a Takeita take karya kwana ta yi kudu, ta ratsa ƙasar Kance, ta huta a Matameye, sannan ta nufi Ɗan Barto inda ƙasar Nijar ta ƙare. Daga nan sai Kongolam, sai Daura, sai Kazaure, sai birnin Dabo. Rake da wake da dabbobi suna bin wannan hanya, haka ma wa'azi da fatawa da gardama da zargi. A da cikin kaset suke zuwa a jakar direba. Yau ta salula suke shigowa, ba ruwansu da duwan ko jandarma. An rufe iyakar a 2019, an sake rufe ta a 2023, amma maganar da aka yi a masallatan Kano ranar Juma'a ba ta taɓa kwana ba ta iso Matameye ba.

Mutumin Matameye da mutumin Daura harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, suna aurayya, suna cin kasuwannin juna da Naira da Sefa. Dokar da ke kansu ce ta bambanta. A kudu, Katsina da Jigawa da Kano suna cikin jihohi 12 da suka shimfiɗa shari'ar Musulunci bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a watan Oktoban 1999. A arewa kuwa jamhuriya ce da ta shafe shekaru tana rubuta a kundin mulkinta cewa gwamnati daban, addini daban. Saboda haka akwai tambayar da amsarta ke canzawa da zarar ka wuce shingen Ɗan Barto, tambayar da mutanenmu ba su son a ɗaga: yaya za a yi da wanda ya ce yana shakka, ko wanda ya ce shi bai yarda ba sam?

Wani zai ce ina ma abin tattaunawa a nan. Ƙidayar jama'ar Nijar ta 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin 100, waɗanda suka ce ba su da addini kuwa kusan mutum 1 ne cikin 1,000. Gaskiya ne, kuma ban yi shakkar cewa imanin mafi yawan mutanenmu har zuci yake ba. Sai dai ma'aikacin ƙidaya a zaure yake tambaya, gaban maigida da maƙwabta, kuma abin da baki ya furta yake rubutawa. Tsakanin wanda zuciyarsa ta natsu da wanda ya fito ya ce babu Allah akwai fili mai faɗi, cike da samari da 'yan mata masu salla da azumi, waɗanda ke kwana da tambayoyin da ba su san wa za su kai wa ba.

A fada ake jin su

Wanda yake son jin waɗannan tambayoyi ya je fada bayan sallar isha'i. Tabarma ce a gindin dogon-yaro, da ɗan murhun waya, gawayi ya yi ja, butar shayi tana tafasa ana jiran na farko mai ɗaci. Akwai ɗan kabu-kabu da ya jingine babur, akwai wanda ya yi karatun allo a Kano ya dawo, akwai ɗalibin jami'ar Damagaram da ya zo hutu, wani lokaci har da mushen lakwal. Salula tana yawo hannu zuwa hannu: wani malami yana yi wa wani malami raddi, an yanko minti biyu daga karatun awa uku. Ana cikin haka sai wani ya yi ƙasa da murya ya ce, to in an riga an rubuta wanda zai shiga wuta tun kafin a haife shi, shi ina laifinsa? Ko ya ce, wanda aka haifa a Sin bai taɓa jin kiran salla ba, yaya nasa hisabin?

Amsoshin da ke biyo baya kowa ya san su. "Kai, yi istigfari." "Boko ya fara taɓa ka." "Wannan ai maganar 'yan boko aƙida ce." Wani ya yi dariya don a wuce wurin, a zuba shayi na biyu, a koma hirar ƙwallo. Yaron ya yi shiru, amma bai daina tambayar ba. Ya dai gane cewa nan ba wurin yin ta ba ne. In dare ya yi nisa sai ya buɗe Facebook ko TikTok da sunan da ba nasa ba, can kuwa akwai masu jiran sa da amsa a shirye, wasunsu da Hausa tsantsa.

Su waɗannan tambayoyi ba sababbi ba ne. Maganar ƙaddara da zaɓin bawa, malaman Musulunci sun fi shekara dubu suna rubutu a kanta. Sabon abu shi ne yaro ya rasa mai amsa masa a garinsu, ya samu a wajen baƙon da bai san shi ba.

Abin da ya faru a Kano

Sunan da aka fi sani a wannan babi shi ne Mubarak Bala, injiniya ɗan Kano. A 2014, da ya gaya wa danginsa ya bar Musulunci, sai aka kai shi sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya yi kwana 18 a can. Daga baya ya zama shugaban ƙungiyar masu ra'ayin rayuwa ba tare da addini ba ta Najeriya. A watan Afrilun 2020 ya wallafa wasu kalamai a Facebook game da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗanda suka ƙona ran duk Musulmin da ya gan su. Wasu lauyoyi suka kai ƙara, aka kama shi a Kaduna ranar 28 ga Afrilu, aka kawo shi Kano. Ya shafe fiye da shekara a tsare kafin a gabatar da tuhuma, duk da wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ba da umarnin a sake shi a watan Disamban 2020. Ranar 5 ga Afrilun 2022 ya amsa laifi a gaban babbar kotun jihar Kano, aka yanke masa shekara 24. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a watan Mayun 2024. Ya fito a wannan shekarar, daga baya ya bar ƙasar zuwa Jamus.

Labarin nan yana da gaɓa biyu, kuma kuskure ne a haɗa su. Ta 2020 magana ce ta cin mutuncin abin da miliyoyin mutane suka fi so fiye da ransu. Ta 2014 kuwa mutum ne ya faɗi abin da ke zuciyarsa a cikin gidansu, aka amsa masa da gadon asibiti. Ni abin da ke damuna shi ne shekara shida da ke tsakani. Ba a rasa malamai a Kano ba, masu Larabci da manɗiƙi da sanin falsafa. Da an sami waɗanda suka zauna da shi a fili, hujja da hujja, ko bai dawo ba, dubban samarin da ke kallo daga gefe da sun ga cewa addininsu yana da amsa. Abin da suka gani shi ne asibiti, sai 'yan sanda, sai kurkuku. Wasu sun tsorata sun yi shiru. Shiru kuwa ba a taɓa ƙirga shi cikin imani ba.

Inda hukuma ba ta riga kai hannu ba, abin ya fi muni. Ranar 12 ga Mayun 2022 aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato. A watan Yunin 2023 aka kashe Usman Buda, mahauci, Musulmi, a mayankar garin, kan kalmar da wasu suka ce sun ji. Babu alƙali, babu shaidu, babu damar ya ce ga abin da nake nufi. Ko ɗaya cikin su biyun ba mai musun samuwar Allah ba ne. Wutar da aka ce don mulhidai aka hura ta, masu addini take ci.

Inda shakka ke tsirowa

Masu wa'azi sukan ɗora laifin a kan boko da intanet da Turawa. Suna da rabonsu. Amma wanda ya saurari samarin nan da kyau zai ji cewa kaɗan ne cikinsu littafin wani masanin Turai ya girgiza. Abin da suke gani da ido ne.

A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yara 52, mata 33, maza 7. Mafi yawansu daga wannan yanki namu na Kance suka fito, za su bara a titunan Tamanrasat da biranen da ke gaba. Akwai ƙauyukan da aka yi zaman makoki gida bayan gida. Yaron da yake da shekara goma a lokacin yau magidanci ne ko ya kusa. Ya ji an ce ƙaddara ce, ya karɓa. Amma ya kuma ga wanda ya ci kuɗin rijiya da na takin zamani yana zuwa Umra duk azumi, ana ba shi sahun gaba, ana yi masa addu'a da lasifika. Ya ga almajiri ɗan shekara shida yana rawar ɗari a tasha da asuba. Ya ji labarin Diffa tun daga 2015, inda masu kabbara ke yanka masu kabbara. In irin wannan yaro ya tambaya ina adalcin yake, ba Allah ya fara tuhuma ba. Mu ya fara tuhuma. Sai mun ce masa tuhumarmu daidai take da tuhumar Allah, sannan yake haɗa mu gaba ɗaya ya juya baya.

Nan ne siyasa ta shigo, kuma ta daɗe da shigowa.

Tsohon makami

Jifan abokin hamayya da rashin addini ya girmi 'yancin kai. A Kano, 'yan NEPU da aka kafa a 1950 sun sha wannan jifa daga masu riƙe da mulki, kotunan alƙalai suna ɗaure su, alhali jagoransu Malam Aminu Kano mai tafsiri ne, Sa'adu Zungur kuwa malami ne ɗan malamai. A wannan gefen, Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta Satumban 1958 kuma take da ƙarfi a ƙasar Damagaram, an haramta ta a 1959, aka yi ta kiran mutanenta 'yan kwaminis. Gaskiya ne wasu mayaƙanta sun sami horo a Sin da Biyetnam ta Arewa da Aljeriya. Amma direbobi da teloli da 'yan tasha da ƙananan malaman da suka cika ta, da alwalarsu suke zuwa taro. Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya fitar da littafi a 1987 kan yadda masu mulki da masu kuɗi ke murɗa addini don su raba talakawa. Har yau ban ga abin da ya ƙaryata shi ba.

A Nijar gardamar ta fito fili ne bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, wanda André Salifou, Kirista ɗan Damagaram, ya shugabanta. Kafin nan ƙungiyar Musulunci ɗaya ce tilo, wadda aka kafa a 1974 zamanin Seyni Kunce, tana tafiya da gwamnati. Da aka buɗe ƙofa sai ƙungiyoyi suka yawaita, abu na farko da suka sa a gaba kuwa shi ne kalmar nan ta Faransanci, layik, wadda ke cikin kundin 1960. A kunnen malamai da yawa, ƙasa layik ƙasa ce da ta kori Allah. Su kuma 'yan lakwal na wancan zamani, waɗanda da yawansu suka taso a ƙungiyar ɗalibai ta USN da littattafan Markis da Lenin a hammata, ba su wahalar da kansu wajen yin bayani da harshen da jama'a ke ji ba. Aka yi sulhu: kundin 26 ga Disamban 1992 ya cire kalmar, ya ce ƙasa ba ta bin wani addini a hukumance. Kundin 2010 ya ce a raba gwamnati da addini, ya hana kafa jam'iyya da sunan addini, ya kuma tabbatar wa kowa 'yancin tunani da na ibada.

Wannan tsari bai taɓa korar Allah daga ko'ina ba. Tun daga 1999 shugaban ƙasa da Littafin addininsa yake rantsuwa. Ana hutun sallah, gwamnati na shirya aikin hajji, ga jami'ar Musulunci a Sayi. Amma rantsuwar ma ta koya mana wani abu. Tandja Mamadu ya dafa Alƙur'ani sau biyu cewa zai kare kundin da ya ƙayyade wa'adi biyu. Kiran tazarce ya taso daga nan Damagaram a ƙarshen 2008, a 2009 aka rusa majalisa da kotun tsarin mulki, ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka kawo ƙarshen zancen. Ba mulhidai ne suka kitsa tazarce ba. Duk wanda ke cewa matsalar ƙasarmu ita ce ƙarancin ambaton Allah a bakin 'yan siyasa, ya koma ya saurari jawabansu na kamfe.

Juma'ar 16 ga Janairu

Mutanen jihar Damagaram ba su manta da 16 ga Janairun 2015 ba. Mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci bayan harin da aka kai mata, Shugaba Mahamadu Isufu kuma ya halarci macin Paris ranar 11 ga wata, ya faɗi kalmar goyon bayan da ta yi wa jama'a zafi. Bayan an sauko daga Juma'a garin ya kama da wuta. An ƙona Cibiyar Al'adun Faransa da Nijar har da ɗakin karatunta, an ƙona coci-coci da makarantun mishan da shagunan Kiristoci. Washegari Yamai ta ɗauka. Mutum 10 suka mutu a kwana biyu, 'yan sanda suka ce coci 45 aka ƙona a babban birnin kaɗai.

Fushin na gaskiya ne, ni ma na ji shi. Amma a duba lissafin. Masu zanen suna Paris, da yawansu ba su yarda da kowane addini ba, sun sha zagin Paparoma da coci. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada maƙwabtanmu ne, masu imani da Allah da ranar lahira, wasunsu Hausawa, wasunsu su suka koyar da 'ya'yanmu. A ranar nan Musulmi da yawa sun ɓoye Kiristoci a ɗakunansu, kuma su ne suka wanke mana fuska. Kowa kuma ya san cewa fushin addini ba shi kaɗai ya fito titi ba. Akwai haushin gwamnati a garin da adawa ke da ƙarfi, akwai samarin da ba su da aikin yi, akwai waɗanda suka ga dama ta samu.

Bayan shekara huɗu Maraɗi ta ba da wani darasin. A watan Yunin 2019, ana shirin amincewa da dokar tsara harkokin ibada, wani limami ya ce dokar yaƙi ce da Musulunci. Aka kama shi, magoya bayansa suka ƙona coci a unguwar Zariya. Da aka sake shi ya fito ya nemi afuwa, ya ce waɗanda suka fassara masa takardar daga Faransanci ne suka ɓatar da shi. A ranar 17 ga wata majalisa ta amince da dokar. An ƙona ɗakin ibadar mutane a kan takardar da masu ƙonawar ba su karanta ba, wanda ya tunzura su ma bai karanta ba.

Abin da ke cikin zaurenmu

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna da gadon da ya fi wannan. Ɗalibin zaure da Ƙawa'idi yake farawa, da siffofin Allah ashirin, kafin ya kai Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. In ya yi nisa a tauhidi zai karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Littafin nan hujjojin hankali ne a jere: me ya sa duniya ba za ta samar da kanta ba, me ya sa dole Mahalicci ya zama ɗaya. Wanda ya rubuta irin wannan littafi ya san za a yi tambayar, kuma bai ɗauki mai yin ta mahaukaci ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da kansa ya rubuta yadda shakka ta kama shi wata biyu har ya daina amincewa da abin da idonsa ke gani, kafin Allah ya warkar da shi. Yau Hujjatul Islam muke ce masa. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin sahabban da suka kai wa Annabi (SAW) kukan wasiwasin da ke zuwa musu, wanda suke jin nauyin furtawa. Bai kore su ba, hankalinsu ya kwantar. Masu wa'azinmu ma suna son ba da labarin yadda Imam Abu Hanifa ya kayar da 'yan dahriyya, masu musun Mahalicci, da misalin jirgin ruwa. Sai dai sukan tsallake abin da labarin ya ginu a kai: an bar 'yan dahriyyar sun shigo majalisa sun faɗi tasu.

A ƙasar Hausa ma an yi. Zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai ɗaliban da suka ɗanɗani ilimin kalam suka shiga kafirta talakawa, wai duk wanda bai iya kawo hujjojin tauhidi yadda suke a littafi ba, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Shehu ya yi ta rubutu yana yaƙar wannan ra'ayi. Ya kuma saɓa wa malaminsa da yake girmamawa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, kan kafirta mutum saboda zunubi. Da yaƙi ya kai Barno, wadda Damagaram ke ƙarƙashinta a lokacin, Shehu Laminu na Kanem ya aiko da wasiƙu yana ƙalubalantar hujjar masu jihadi, Muhammadu Bello ya amsa, ya kuma kwafe wasiƙun abokin gardamarsa a cikin Infaƙul Maisuri don na baya su karanta su auna. Mutanen da ke tsakiyar yaƙi ke nan.

Ba ina cewa Shehu zai yi maraba da mulhidanci ba ne. Littattafan Malikiyya suna da tsanani a kan ridda, sun fi tsanani a kan zagin Annabi, kuma duk wanda ya karanta Risala ya sani. Amma su ɗin dai sun ce a ba mai ridda kwana uku ana neman ya tuba, wato ana zama da shi ana warware masa abin da ya shige masa duhu. Sun kuma sa hukunci a hannun alƙali da shugaba, da shaidu da tabbaci. Babu babin da ya ba 'yan kasuwa ko ɗalibai izinin ɗaukar dutse. A zamaninmu kuma akwai manyan malamai da ke ganin hukuncin ridda na wanda ya haɗa fitarsa da cin amanar al'umma ne a lokacin yaƙi. Ana iya yarda da su ko a ƙi. Ra'ayina shi ne abin da ke cikin zuciyar mutum ba aikin kwamisariya ba ne. Imanin da aka tsare da kulki, munafukai yake haifarwa, su kuwa Alƙur'ani ya fi tsananta musu fiye da kowa.

Su ma masu shakkar

Akwai magana a kansu su ma. Wasu cikin masu rubutu da ɓoyayyen suna ba tambaya suke yi ba, tsokana suke nema. Sun ɗauko rigimar Faransawa da cocinsu, wadda ta kai ga dokar 1905, suna son su sa mana ita kamar rigar aro. Tarihinmu daban ne. A Matameye addini ne ke raɗa wa jariri suna, shi ke sulhunta ma'aurata kafin a kai ga alƙali, shi ke fitar da dami ɗaya cikin goma a ba wanda gonarsa ba ta yi ba, shi ke tara mutane su ɗauki gawar baƙon da ba a san danginsa ba. Wanda ya kira wannan duka duhun kai, sai ya faɗa mana me ya tanada a madadinsa. Kuma in ana lissafin jinin da aka zubar da sunan addini, a haɗa da wanda gwamnatocin da suka kori addini suka zubar, daga Tarayyar Sobiyet zuwa Albaniya da ta rufe masallatai da coci-coci baki ɗaya a 1967. Mutum yana da haƙƙin ya ce ban gamsu ba. Zagin abin da uwarsa ke tashi tsakar dare tana roƙo ba jarumtaka ba ce, kuma shi ke rufe ƙofa ga mai tambayar gaskiya da zai zo bayansa.

A Najeriya gardamar dokokin ɓatanci ba ta ƙare ba. A watan Afrilun 2025 kotun ECOWAS ta ce wasu sassan dokokin ɓatanci na Kano sun saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, gwamnatin jihar ta ce ba ta yarda ba. A Nijar kuwa kundin 2010 ya daina aiki tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Abin da ake tafiya da shi yanzu shi ne kundin sake gina ƙasa da Janar Tiani ya sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025, wanda ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Ko ba daɗe ko ba jima za a zauna rubuta sabon kundin mulki, kuma maganar 1992 za ta dawo: ina matsayin addini, ina matsayin wanda ba ya bin addinin masu rinjaye, ina matsayin wanda ba ya bin ko ɗaya.

Kirana biyu ne. Ga hukuma: wannan karon a rubuta babin da Hausa, a karanta shi a gidajen rediyon karkara, a kai shi Kance da Magarya da Mirriya a yi gardama a kansa kafin a kai shi akwatin ƙuri'a, don kada wani ya sake ƙona ɗakin ibadar maƙwabcinsa a kan fassarar da aka yi masa a kunne. Ga malamanmu na Matameye, na ɗariƙa da na Izala baki ɗaya: Allah gafarta Malam, a ware dare ɗaya a mako bayan karatu, a ce duk mai tambaya ya rubuto a takarda ba sai ya sa suna ba, a karanta a amsa, komai nauyinta, ba tare da an nemi sanin ɗan gidan wa ya rubuto ba. Samarin suna nan a fada, kuma har yanzu ku suka fi so su tambaya.